Hannu Biyu Ga Motar Alhaji Barau

Ranar Talata Zubairu ya turo ta,
shi da yara uku, tun daga Tudun Jukun,
tsohuwar Fijo a-kori-kura ta marigayi ubansa,
wadda ta shekara talatin tana jidar rake daga bakin Galma.
Har yau katakon bodinta na ƙanshin mazarƙwaila.

Ya ce, Sambo, so nake ta sauka.
Na ce, ina za ta?
Ya ce, ƙasa. Taƙi guda.
Ta lafe wa kwalta kamar kyanwa ta hango tsaka.

Na dube shi, na dubi hanyar Muciya
da ramukanta masu haɗiye taya,
na ce, motar kaya ce, da tsayinta aka haife ta.
Ya ce, ta gama kaya.
Ita ta kai Baba Shika daren da bai dawo ba.
Sai na yi shiru, na ce Tanimu ya kawo jak.

Muka zare sifirin ganye-ganye,
tsatsa na zubo mini a gemu kamar garin barkono.
Aksul ya tsaya a ƙasa ba mai riƙo,
maraƙi ba igiya ba turke.
Hannu biyu yake bukata,
su kamo shi daga shasi, su bar shi ya hau ya sauka,
amma kada su bar shi ya waiwaya.

A Sabon Gari Ikenna ya miƙo mini bututu mai kusurwa huɗu.
Na ƙwanƙwasa da sifana, ya yi kukan gwangwani.
Na ce, ba gadon amarya zan ƙera ba.
Ya yi dariya, ya shiga ciki, ya fito da mai kauri,
wanda in ka buga sai ya amsa daga ciki, can ƙasa-ƙasa.
Baba Rasaki ya sassaƙa mini idanu huɗu a injinsa,
inda roba za ta zauna, noti ya ratsa.

Zare, alli, simintin rumfa.
Na auna, na sake aunawa.
Na ɗiga walda nan, na ɗiga can,
don zafi ɓarawo ne, jan ƙarfe yake wajensa.
Sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna muka ci gyaɗa har la'asar.

Da aka kawo, na dama ya fi na hagu
da kaurin tsinken ashana.
Tanimu ya ce, Oga, wa zai gani?
Na ce, taya za ta gani.
Mota za ta yi tafiyar kaguwa daga nan har Kwangila,
a ce ga aikin Sambo na wucewa.
Muka yanke. Muka koma farko.

Daren nan idona ya cika da yashi,
Lantana ta ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma,
tana cewa tabarau na rataye a ƙusa, ba ƙusa ke walda ba.

Kwana tara.
Na faffake shasi inda aksul zai yi karo,
na karkata hancinsa kaɗan don farfela ta daina rawa,
na ɗaure noti na ƙarshe da jikina duka.

Muka fita da ita bayan sallar Juma'a.
A tudun gaban makaranta salansa ta sumbaci ƙasa,
Zubairu ya runtse ido, ni ma haka,
amma ta miƙe ɗoɗar, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama.

Wani tsoho mai rake a Kofar Doka
ya kare rana da tafi, ya ƙura mata ido,
ya ce, ashe motar Barau ma ta ranƙwafa.
Zubairu ya sayi sanda biyu, ya jefa a baya.

Da magariba na sake shiga ƙarƙashinta,
na shafa ɗinkin waldar, layi-layi kamar kitso.
Ba mai ganinsu a nan.
Da ɗumi a jikinsu har yanzu.